Zaman tausar jarirai a Gwammaja: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe zaman tausar jarirai a tsakar gidana. Niyyar ta daɗe a raina tun ina aikin ungozoma a asibiti, sai yanzu da na ajiye aiki Allah ya nufa. Duk bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, masu jego na layinmu da na kusa za su zo da jariransu, mu shimfiɗa tabarmi a rumfa, kowace uwa ta tausa ɗanta da hannunta, ni kuma ina nunawa da 'yar tsana. Ba a biyan ko sisi. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana domin wadda ke son yin irinsa a unguwarsu ta samu abin dubawa.

Duk wadda ta yi jego a ƙasar Hausa ta ga tausar jariri. Bayan wankan safe a goge yaro, a shafe shi da mai, a miƙe masa hannuwa da ƙafafu. Sai dai kusan kullum aikin a hannun wata yake, ko ungozoma ko kaka ko gwaggo, uwar tana gefe tana kallo. Ana gama arba'in mai wanka ta koma gidanta, tausa kuma ta tsaya cak. Sai ka ga uwa ta iya ba da nono, ta iya goyo, amma tana fargabar juya ɗanta tsirara a kan cinyarta. So nake aikin nan ya dawo hannun iyaye mata, ya kuma wuce kwana arba'in.

Na je har gida na gayyaci Iya, ungozomar unguwarmu, wadda samarin layin nan da yawa ita ta yanke musu cibiya. Na ce, "Iya, abin nan ba zai yiwu ba sai da ku." Ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi boko me za ki tsinta a wurina?" Yau ita ta riga kowa zuwa.

Na faɗa wa matan gaskiyar abin da aka sani. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar kula da mai jego da jariri, a ciki ta ce ana iya yi wa lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa tausa mai taushi a duk jiki, saboda amfanin da ake sa ran tana yi wa girmansa. Da taka-tsantsan ta faɗa. Masu bitar bincike na Cochrane sun tattara bincike 34 a 2013 a kan jarirai 'yan ƙasa da wata shida, suka ce yawancinsu ba su yi ƙarfin da za a kafa hujja da su ba. Saboda haka ban yi wa kowa alkawarin ɗanta zai yi ƙiba ko zai riga sa'anninsa tafiya ba. Alkawarin da na yi shi ne kowace za ta san jikin ɗanta ciki da bai.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Mun fara da ƙafafu, don nan ne jariri ya fi saurin yarda a taɓa shi.

Kafin a kai ga taɓawar akwai shiri. Yaro ya kasance a farke, ba ya jin yunwa, ba kuma yanzu ya saki nono ba. A bari kamar minti 45 su wuce, in ba haka ba tumbiɗi zai biyo baya. Uwa ta wanke hannu, ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta shimfiɗa zani mai laushi, ta kwantar da shi rigingine fuskarsa na kallon tata. Ta lakuci mai ɗan kaɗan ta murza tafukanta har su yi ɗumi, a inda zai gani ya kuma ji ƙarar murzawar. Ta yi bisimilla ta ce masa wani abu. In aka saba da haka, da ya ji ƙarar nan ya san abin da ke tafe.

Hannu ɗaya ya riƙe idon sawu, ɗayan ya zagaye cinya ya sauko a hankali har ƙasa, sai hannuwan su yi musaya. Iya tana gani ta ce, "Ai wannan tatsar saniya ce," kuma tun daga nan kowa ta gane tafiyar hannun. Daga nan babban yatsa ya bi tafin ƙafa daga diddige zuwa yatsu, a ɗan murza kowane yatsa. A ƙirji tafuka biyu su tashi daga tsakiya su buɗe zuwa kafaɗu. Hannuwa a yi musu yadda aka yi wa ƙafafu. In an zo baya, a kifa shi a cinya a juya kansa gefe, a shafo daga wuya zuwa ɗuwawu ta gefe da gefen ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne nauyin hannu. Masu haihuwar fari suna shafawa sama-sama don tsoro, abin ya zame wa yaro cakulkuli, ya riƙa zabura. Waɗanda suka saba kuma suna dannawa fiye da kima. Na sa kowace ta gwada a damtsen ta kusa da ita: fata ta ɗan motsa a ƙarƙashin yatsu, amma kada ta yi ja, kada kuma a ji zafi. Maman 'yan biyu ta fi kowa saurin kama ma'aunin, sai na sa ta zagaya tana ɗora hannunta a kan na sauran.

Yaro ne ke cewa ya isa. In ya kau da kai, ya banƙare, ya fara hamma ko shaƙuwa, ya dunƙule hannu ko ya ɓare baki, a tsaya a rungume shi, ko da ƙafa ɗaya aka yi. Minti biyar ma tausa ce, kuma ba a bukatar wuce minti 15. Wuraren da hannu ba ya zuwa: maɗiga, cibiyar da ba ta faɗi ta warke ba, inda aka yi allurar rigakafi, da fatar da ke da ƙuraje ko ciwo. Yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi, ba tausa ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Yau ranar tsaftar muhalli ce ta ƙarshen wata, sai da aka buɗe hanya ƙarfe goma mutane suka taru. Na ba Iya 'yar tsanar na roƙe ta ta nuna mana yadda take yi tun daga farko har ƙarshe.

Akwai abin koyo a hannun matar nan. Yadda take tallafe ƙeya, yadda ba ta taɓa ɗaga hannu biyu daga jikin yaro lokaci guda, yadda take bin lungun wuya da hammata da matsematsi tana busar da su, babu littafin da ya koya mini haka da kyau. Haɗa hannuwa a ƙirji a sake buɗewa, da kai tafin ƙafa wajen kishiyar hannu, duk suna da kyau muddin ba a tilasta gaɓa ta wuce inda ta tsaya da kanta ba.

Abu huɗu muka yi saɓani a kansu, kuma a gaban kowa muka tattauna, cikin girmamawa. Na farko riƙe yaro ta ƙafafu kansa a ƙasa ana girgizawa, da cilla shi sama a cafe don kada ya tashi matsoraci. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa siraru ne, girgiza mai ƙarfi tana iya tsinka su. Na biyu miƙar da ƙafafu da ƙarfi a ɗaure su tamau don kada su yi baka. Ɗan lanƙwasar ƙafar jariri halitta ce, yawanci tana miƙewa da kanta wajen shekara biyu, kuma gaɓar ƙugunsa ta fi son cinyoyi a buɗe a lanƙwashe, yadda goyonmu ke zaunar da su. Na uku matse nonon jariri in ya kumbura. Sinadaran jikin uwa ne suka jawo kumburin, yana sacewa da kansa cikin makonni, matsewa kuwa tana buɗe wa ƙwayar cuta hanya. A nan Iya da kanta ta karɓi zancen, ta ce ta taɓa ganin wanda ya zama maruru har sai da aka tsaga, tun lokacin take ɗar-ɗar da abin.

Na huɗu gashin cibiya da tsumman da aka ɗora a kasko. Na sha ganin fatar ciki a ƙone, na kuma ga cibiyar da aka cusa wa man goge baki ko toka ko gishiri ta ruɓe. Abin da ake bayarwa a asibitocinmu yanzu shi ne man kulohezidin mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, a shafa a cibiya kawai, kada ya kusanci ido ko kaɗan. Iya ta ce, "Mu dai haka muka taras, kuma ga ku nan kun girma." Ta yarda ta bar cillawa da matse nono. Gashi kuwa ta ce sai ta yi tunani. Ban matsa ba.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Hunturu ya shigo sosai, fatar yara ta fara fari-fari, don haka na ce kowace ta zo da abin da take shafa wa ɗanta. Muka jera a faranti: man kaɗanya, man zaitun, man kwakwa, alayyadi, man gyaɗa, basilin, hoda, man zafi, da wani haɗi mai ƙamshi a roba marar suna.

Na fara da waɗanda ba su da wuri a jikin jariri sam. Man zafi mai mantol ko kafur yana iya takura masa numfashi, kuma a cikin yaranmu akwai masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, waɗanda irin waɗannan abubuwa, har da ƙwallon kafur da muke jefawa a akwatin kayan jarirai, kan fasa musu jini su kamu da shawara mai tsanani. Hoda tana tashi ta shiga huhu. Mai turare yana sa ƙaiƙayi. Haɗin nan marar suna kuwa, mai shi ta ce wata ce ta sayar mata don yarinya ta yi haske. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, da masu haɗawa. Irin waɗannan mayuka ana samun sinadarai masu illa irin su sitiroyid da haidirokwinon a cikinsu, wani lokaci har da makuri, kuma fatar jariri siririya ce, abin da aka shafa mata yana ratsawa cikin jiki fiye da yadda yake ratsa ta babba. Na riƙe hannun 'yar na nuna wa uwar yadda fatar ke sheƙi da kanta. Ta bar robar a wurina.

Maganar man zaitun sai da na bi ta a hankali, don kowa ya san matsayinsa a wurinmu, kuma babu mai jayayya da albarkarsa. A ci shi, manya su shafa. Amma a 2013 masu bincike a Shefild ta Ingila sun sa manya shafa shi a damtse na mako huɗu, suka ga ya raunana shingen da ke riƙe danshin fata, har ya sa ta ja. Wani bincike a Manchesta a 2016, a kan jarirai sababbin haihuwa, ya nuna man zaitun da man sanfulawa duka suna jinkirta ginuwar wannan shinge a watan farko. Shawarar da na bayar ita ce a ɗaga wa jariri man zaitun a makonninsa na farko, kuma yaron da ke da bushewar fata mai ƙaiƙayi a bar shafa masa. Man gyaɗa ma, duk da mu Kanawa da shi muka tashi, kada a sa shi a fatar da ta tsage ko take da ƙuraje, don an danganta hakan da borin gyaɗa daga baya.

Abin da muka tsayar shi ne man kwakwa mai kyau ko man kaɗanya tsantsa, ɗan kaɗan, gwargwadon yadda hannu zai zame. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a riƙa laɓta wa lafiyayyen jariri mai don rigakafin ciwon fata ba. Kafin a fara amfani da kowanne, a ɗiga a cikin damtsen yaro a bari ya kwana. In wurin bai yi ja ba, sai a ci gaba. Mun haɗa kuɗi an sayo mana kaɗanya a Kasuwar Kurmi, Iya ce ta zaɓa. Ta shinshina, ta murza a tafi ta ga ya narke ba tsaki-tsaki, sannan ta ce a biya. Muka rarraba a ƙananan robobi masu murfi.

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

Sanyi da hazo sun hana da yawa fitowa, kuma na ji daɗin da ba su fito da jarirai cikin ƙurar nan ba. Mu da muka haɗu mun koma falo, mun ɗaga lokaci zuwa sha ɗaya. A irin wannan yanayi ba a tuɓe yaro gaba ɗaya. A buɗe ƙafa a tausa a rufe, sannan a buɗe ciki, hula da safa suna jikinsa.

Na ja kunne a kan kaskon garwashi. A ɗumama ɗaki da shi in ana so, amma a fitar da shi a bar iska ta ɗan shiga kafin a shigo da yaro. Gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari, kuma a rufaffen ɗaki tana kisa. Turaren wuta ma a bari sai jariri ba ya ɗakin.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Akwai yarinyar da nake lura da ita tun da ta fara zuwa. Haihuwar fari ce, ta zo wanka gidan iyayenta a layin bayanmu, mijin yana tafiya sai aka bar ta ta ƙara kwanaki bayan arba'in. Kullum tare da mahaifiyarta take zuwa. Hannunta ya iya tausa sarai, amma idonta yana kan tabarma. Ba ta kallon yaron, ba ta yi masa magana, in ya yi mata murmushi sai ta kau da kai. Kowa a wurin ya san kunyar ɗan fari ce.

Ba na raina wannan al'ada. Da alkunya aka raine mu, kuma tana sa yaro ya zama na dangi duka, kowa ya ji yana da hakki a kansa. Amma jariri bai san da ita ba. A makonninsa na farko abin da ke nesa da shi da kamar santimita 20 zuwa 30 ya fi gani, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta, kuma fuska yake nema. Wajen mako shida zuwa takwas yake fara murmushin da ke jiran a mayar masa. In ana tausa babu kallo babu magana, an bar rabin amfanin a ƙasa.

Yau na ce wa mahaifiyar, "Hajiya, ko za ku taya ni duba kunun nan a kicin?" Ta dube ni ta dubi 'yarta, ta ce, "Na gane, Sista, bari mu ba su wuri." Da na leƙo bayan ɗan lokaci, yarinyar ta sunkuya har mayafinta na taɓa cikinsa, ƙafarsa tana cikin tafinta, tana ce masa "Babana, Babana" ƙasa-ƙasa, don sunan mahaifinta ya ci. Shi kuwa yana ta harba ɗaya ƙafar yana gwaranci, idonsa ƙyam a kanta. A kicin Hajiya ta gaya mini ita ma ba ta taɓa ɗaukar nata ɗan farin a gaban mutane ba, sai dare ya yi kowa ya kwanta take zaunar da shi ta ƙare masa kallo. Ta ce, "A ɗakinta ta yi masa abin da take so, ni ba zan hana ba."

Daga yau mun sa tsari: kakanni za su zauna a falo su sha kunu har a gama zagayen farko, sannan su shigo. Ba wadda ta ƙi. Na tuna musu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Wannan lamari ya sa na ƙara sa ido a kan wani abu daban. Akwai uwar da ba ta kallon ɗanta ba don kunya ba, sai don ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shi da danginsa suna taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Mai kunya da an ba ta wuri fuskarta ke sakewa. Mai damuwa ko an bar ta ita kaɗai haka take zama shiru, ba ta barci, ba ta cin abinci, hawaye ba ya mata wuya. Tausa tana iya kusanta ta da ɗanta, amma likita take bukata, kuma akwai masu duba wannan a Asibitin Malam Aminu Kano.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Kukan yamma shi ne ƙorafin da ya fi yawa, don haka yau ciki muka yi. Irin kukan nan yakan kai ƙarshen tsananinsa wajen mako shida, ya lafa tsakanin wata uku da huɗu. Babban hanji yana tasowa daga ƙasan ciki ta dama, ya hau, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauka ta hagu. Uwar da ke fuskantar ɗanta sai ta zagaya cibiya da tafin yatsu ta inda hannun agogo ke bi, don ta kora iska zuwa mafita. Sannan ta haɗa gwiwoyinsa ta kai su ciki a hankali, ta ƙirga biyar, ta sake. A yi da la'asar kafin kukan ya fara. In ya riga ya ɓarke, runguma da goyo sun fi. Muna cikin yi ɗaya daga cikin 'yan biyun ya saki tusa mai ƙara, jikinsa ya saki, uwar ta ce da ma tun asuba yake murɗe-murɗe.

Wasu sun ce tausar tana rage kukan, wata ta ce nata bai canja ba, kuma duka na yarda da su. Abin da na nace a kai shi ne kada kuka ya sa a ɗura wa yaro jiƙe-jiƙe ko ruwa. Nono zalla har wata shida, zuma kuwa sai ya shekara. Amai kore, ciki ya kumbura ya yi tauri, jini a kashi, ƙin kama nono, numfashi sama-sama, ko jijjiga, waɗannan ba na tausa ba ne. A nufi asibitin Hasiya Bayero ko na Murtala ko asibitin da ya fi kusa, ko da tsakar dare ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Bayan zama na wuce gidan matar wani mai adaidaita sahu da aka sallamo daga asibiti da bakwaini, nauyinta bai kai kilo biyu ba. Na hana a kawo ta cikin taro, ni zan riƙa zuwa.

A kan bakwaini ne hujjar tausa ta fi ƙarfi. A 1986 Tiffany Field da abokan aikinta a Miyami ta Amurka sun riƙa tausa wasu bakwaini na minti 15 sau uku a rana har kwana goma. Nauyin da suke ƙarawa kullum ya fi na waɗanda ba a tausa ba da kashi 47 cikin 100, aka kuma sallame su kwana shida kafin sauran. Daga baya suka gano matsakaicin nauyin hannu ne ke aikin, don yana motsa jijiyar da ke sa hanji ya narka abinci da kyau. A Bangaladash kuma an ga shafa wa bakwaini man sanfulawa ya rage kamuwa da cuta a asibiti, sannan a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa musu shi ko man kwakwa. Fatarsu ba ta gama ginuwa ba, hukuncinta daban da na cikakken jariri.

Duk da haka na gaya wa uwar cewa tausa a baya take. Abin da ke gaba shi ne goyon ƙirji, wanda ake kira kangaru: yarinya daga ita sai nafkin da hula, a kwantar da ita tsakanin nonuwa fata da fata, a ɗaure da zani, awanni masu yawa a rana gwargwadon iko. A Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978, kuma wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife yana ciki, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Surukarta ta ce ita ba ta taɓa ganin goyo ta gaba ba, amma da ta ji ɗumin jikin 'yar ta ce za ta riƙa karɓar uwar in za ta yi wanka ko salla. Tausa kuwa yau tafi kawai na sa uwar ta ɗora, ɗaya a kai ɗaya a ƙafafu, ba motsi. Shafawa sai likitan da ke duba ta ya ba da izini a awo na gaba.

Asabar, 1 ga Maris, 2025

An tashi da azumi yau, Allah ya karɓa mana. Mun dakatar da haɗuwa har bayan salla, kowace ta ci gaba a gida, tambayoyi kuma ta WhatsApp. Maman 'yan biyu ta aiko da saƙon murya cewa maigidanta ya karɓi tausar ɗaya daga cikin yaran bayan ya dawo daga asham, ita tana yin ɗayan. Ta ce hannunsa ya fi nata ɗumi, sai dai ta sa shi ya rage nauyi. Bakwainin nan an auna ta, ta haura kilo biyu, an kuma ba da izinin shafawa.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Mun dawo cikin zafi mai tsanani, don haka mun mayar da zama ƙarfe takwas na safe. Mai ya koma ɗigo ɗaya ko babu, domin yawansa yana toshe ƙofofin gumi ya ƙara ƙurajen zafi. An sake tambaya ko a ba jariri ruwa saboda zafin. Amsar tana nan, ɗan ƙasa da wata shida a ƙara masa nono, uwa ita ta sha ruwan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne cikin azumi. Wata daga cikin waɗanda muka fara da su, ɗanta ya shiga wata na takwas, ta kira ni da safe ta ce, "Anti, yau da na zo yatsun hannunsa sai ya ƙwalla ƙara, kuma bayan hannun ya fi na jiya tudu." Kumburin bai kai wanda baƙo zai lura da shi ba. Ita ta gane ne don kullum hannun nan yana cikin nata. Na ce ta bar tausa ta tafi asibiti a ranar. Gwaji ya nuna sikila ce. Kumburin hannu da ƙafa mai zafi yana cikin alamominta na farko, yakan bayyana daga wata shida, kuma ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. An sa yaron a asibitin masu sikila, an fara ba shi magungunan kariya, an koya wa iyayen abin da za su riƙa dubawa. Ta zo yau, idonta ya faɗa, amma ta zauna ta tausa masa baya da ƙafafu a hankali, matan kuma suka kewaye ta. Na roƙi waɗanda ba su san jinotayif ɗinsu (AA, AS ko SS) da na mazajensu ba su je a gwada, a gwada yaran.

Iya ta zo da nata labarin. Ta ce haihuwa biyu da ta karɓa cikin azumi ba ta gasa cibiya ba, man asibiti ta sa aka shafa, kuma duka sun faɗi lafiya. Ta ce in samo mata guda goma ta ajiye a jakarta, ta kuma ce gashin ciki da tsumma mai ɗumi bayan cibiya ta warke wannan kam ba za ta bari ba. Na ce in dai ta fara gwada ɗumin a cikin damtsenta, ba ni da ja.

Masu zuwa sun fi ƙarfin rumfata yanzu. Maman 'yan biyu da mai haihuwar farin nan, wadda ta koma ɗakinta a Kurna, sun yarda su riƙa jagorantar sababbi, ita ta biyun a can gidanta, ni kuma in riƙa leƙawa. Muna neman sikelin jarirai don mu riƙa rubuta nauyi a katin kowa tsakanin ranakun awo, an fara tara kuɗin. Zama na gaba 26 ga Afrilu, na kakanni da surukai ne zalla, kuma Iya ce za ta riƙe 'yar tsanar.